Kallon Rogo

Shekara talatin da takwas ina bayan teburin fawa a Kumo.
Wuƙata ta san inda tsoka ta ƙare, inda kitse ya soma.
Mai saye ya ce, "Babayo, ƙara mini fari,"
in yanko masa gyara, ko awo ba na yi,
don a wurina kitse ba shi da baki.
Abin kwance ne. Ajiyar saniya ce don ranar rani.

Sai fitsari ya soma yi mini rowa.
Sau biyar nake tashi kafin assalatu,
in tsaya a makewayi kamar mai bin bashi:
ɗigo, shiru, ɗigo.
Dudu ta daina tambaya,
ta koma ajiye mini tocila a bakin ƙofa.

A Gombe, cikin ɗakin da sanyinsa ya fi ƙarfin rigata,
Likita Rifkatu, 'yar Kaltungo, ta juyo mini da hoton cikina.
"Baba, ka ga wannan, ƙarƙashin mafitsara, kamar goro?
Furostet ke nan. Nan sankarar ta zauna."
Ban kalli goron ba.
Idon mahauci ya tafi kan farin da ya kewaye shi.
Na ce, "Wannan ai na san shi."
Ta ce, "Fuskarsa ka sani."

Ta ce masu bincike sun daɗe suna wuce shi
kamar yadda ake wuce mai gadi a ƙofa.
Da suka kasa kunne, sai suka ji yana magana.
Yana aika saƙo, ciwon yana amsawa.
Ciwon ya ce yunwa, kitse ya narke ya miƙa masa mai.
Ciwon ya ce ɗakin nan ya yi mini kaɗan,
kitse ya ce ga hanya ta bayan danga.
In ya yi kauri kuma, ciwon kan fi zafin rai.
"Sau da yawa," ta ce, "ba kullum ba."
Ta maimaita,
kar in ɗauki rabin magana in hau mota da ita.

Na ce, to laifin tumbina ne?
Tumbin da 'yan kasuwa ke dubawa su ce Alhaji ya samu?
Ta ajiye biro.
"Nan ba kotu ba ce, Baba. Akwai sirara kwance a sama.
Shi ma kitsen, ciwon ne ke canza masa hali,
kamar maƙwabcin kirki da ya sauki mugun baƙo.
Wa ya fara kiran wani, har yau ana kan tambaya."

Ana cewa kallon kitse ake yi wa rogo.
Ni kallon rogo na yi wa kitse.

Yanzu duk wata uku sai allura.
Tana kwantar da ciwon, tana ƙara mini teɓa;
na gaya wa likita, muka yi dariya, ba mai daɗi ba.
Bayan asuba nakan taka har bayan makabarta in dawo,
ban tsaya gaisuwa a can ba tukuna.
Na ja Hashimu mai kayan ciki ya je gwajin jini,
yana ta zagina har Gombe.

Jiya wata yarinya ta miƙo ɗari biyar,
ta ce Inna ta ce a ƙara fari.
Na zare shi daga jikin ƙoda, da sauran ɗuminsa,
ya kwanta a tafin hannuna shiru, kamar kullum.
Na daɗe riƙe da shi
har ta ce, "Baba, ana jirana."