Gemun Aro

Sati bakwai ke nan ina tsaye bakin ƙofa
a kashi na goma sha tara,
hannu ɗaya kan makulli, ɗaya riƙe da wasiƙa.
Duk Garwa ta ga na buɗe baki.
Abin da zan faɗa yana cikin littafin Tasalla,
ita kuwa ta rufe shi, ta hau babur, ta yi Yalwa.

Su huɗu ne masu sa mana magana a baki:
ita, da Bakari mai tari, da Inuwa,
da wani yaron Gidar da ke gyara mana Fillanci.
Wata biyar ana ce musu gobe.
Ran Talata suka jera birukansu kan teburin Alhaji
kamar takalma a ƙofar masallaci, suka fita.

Ni takarda ce ta ɗaure ni.
Bara na sa hannu, da azumi a bakina,
ban duba shafi na uku ba.
Kuɗi sai an ɗauki kashi, jaka ashirin na sefa.
Ba ni leƙa shirin kowa sai wannan ya ƙare.
Gemun nan kuwa na Malam Sanda ne, aro aka ba ni,
aska ba ta taɓa shi.
Ga shi nan yana ta tofo abinsa,
shi ba a gaya masa ana yajin aiki ba.

An zo daga Marwa neman mai tallan sabulu,
haɓa fes suke so.
Na ba su ruwa, na raka su bakin titi.

Alhaji ya ce rubutu ai ba noma ba ne.
Ya kwana da butar shayi, ya kawo shafi shida.
Jaratu, matata a shirin, ta karanta nata,
ta ce, "Alhaji, matar nan ba ta magana haka ko a mafarki."
Muka dai gwada.
Kowace kalma tsakuwa a shinkafa.
Mai riƙe fitila ya yi dariya har inuwarmu ta yi rawa a bango.
Washegari mai janareta ya zo ya ɗauki kayansa.

Kwantiragin Jaratu ƙarshen wata zai cika.
An ce za a sa ta a jirgin ƙasa a Ngaundare,
a ce ta tafi jinya kudu,
kuma ba a rubuta ranar dawowa ba.
Ta riga ta zuba wa keken ɗinkinta mai.

Tasha sai maimaici.
Kowace Lahadi in sake isa bakin ƙofar nan, in sake buɗe baki.
A bakin Binuwai mai kifi ta riƙe mini hannun riga:
"Malam Sanda, don Allah me ke cikin wasiƙar?"
Na ce wallahi ban sani ba.
Ta ɗauka rowa ce, ta hana ni gyara.

Jiya na tafi Yalwa da faɗa cike da bakina.
Na tarar an yanke mata wuta,
tana zaune a tabarma da 'ya'yan maƙwabta shida,
tana koya musu raba goma gida uku.
Faɗan ya bi yawu ya koma ciki.
Na ce, "To, gaya mini abu ɗaya, zan rayu?"
Ta dubi gemun, ta daɗe tana dubansa,
ta ce, "Ka rayu. Saura sai an biya."

A ƙasa na dawo.
Bayan isha na ɗauko takardar daga ƙarƙashin katifa,
na bi shafi na uku da yatsa, layi layi, har ƙasa.
An hana ni aski, an hana ni talla,
an hana ni faɗin labarin da ban sani ba.
Na sake bi, na haska da waya.
Babu inda aka hana ni zama a tabarmar Tasalla.