Zaman Gindin Ɗorawa

Ranar Talata bayan la'asar, a Kafur,
mai unguwa Sada ya sa aka shimfiɗa tabarmi uku
a filin da majami'a za ta tsaya.
Ni aka miƙa wa biro.

Fasto Istifanus ya warware takardar zane,
iska ta taso, aka danne ta da takalmin Ɗan'azumi.
Ya ce: tsohon ginin ya yi mana kaɗan,
da damina rabinmu a waje muke waƙa,
laima ɗaya, kai huɗu.

Malam Zubairu ya yi gyaran murya.
Aka gyara zama, an zaci maganar lasifika ce.
Ya ce: ni ruwa na zo tambaya.
Kwanon nan naku, in sama ta zubo,
ina indararo zai kalla?
Katangata ta ƙasa ce, bara da ƙyar ta kai kaka.

Magini ya sunkuya kan zane, ya daɗe,
ya ɗago ya ce, gaskiya gidanka yake kallo.
Aka yi dariya, Malam bai yi ba.
Na rubuta: a juya indararo gabas, a haƙa lambatu.

Lasifikar ma ta zo, daga bakin Lawandi tela.
Aka ja, aka saki,
har aka tsaya: ban da asuba, ban da bayan isha'i.
Wani matashi ya kaɗe riga ya tafi.
Ban rubuta sunansa ba.

Sai Inna Rifkatu, wadda ba a kira ba,
ta nuna ɗorawar da ke ba mu inuwa:
a zanen nan ban gan ta ba.
Da kalwarta na aurar da 'ya'ya biyu,
daddawar miyar Malam ma daga nan take.
Malam Zubairu ya ce, na shaida.

Shiru.
Fasto ya ƙirga taku da ido.
In an ja baya taku bakwai, benci biyu za su ragu.
Ya ce, to, masu makara sa zauna a inuwa.

Aka kira magariba.
Rabin taro ya nufi buta, rabi ya naɗe tabarma.
Ɗan'azumi na ɗingishi yana cigiyar takalmi,
ni kuma ga takarda, saura sa hannu,
an ce sai Talata mai zuwa.