Ban-ruwan Dare

Ni manomin albasa ne daga Aliero,
na san ruwa.
Na san yadda ake buɗe masa baki da fartanya
a bar shi ya bi fangali-fangali har ƙarshen gona.
Amma irin wannan ban-ruwa ban taɓa gani ba:
leda a rataye jikin ƙarfe,
siririyar roba ta sauko
ta nutse a bayan hannun Tumba.

Shekararta bakwai.
Tun daren Talata sikila ta kama mata ƙasusuwa,
ta ce, "Baba, ana daka ni a turmi."
Mun shafa man zafi, mun tofa abin da muka sani,
maganin kwalba ya ƙare, kukan bai ƙare ba.
Zuwa Jega a kan babur,
daga Jega zuwa Birnin Kebbi a mota,
kowane ramin hanya sai da ya bi ta jikinta.

Sista Kezia, 'yar Zuru,
ta ɗora ta kan sikeli, ta rubuta sha takwas.
Likita ya yi lissafi a bayan kati, ya sake yi.
"Maganin kashe zafi ne, irin na ɗakin tiyata,
kaɗan-kaɗan zai riƙa shiga jijiya.
In ya yi yawa, numfashi yake taɓawa."
Na ce na gane.
Albasa ma in ka cika mata ruwa, ruɓewa take.

Ɗis.
Ɗis.
Wata na'ura maƙale a yatsarta tana ƙirga bugun zuciya,
ni ina ƙirga ɗigo, na ɓata a ɗari uku da wani abu.
Kezia kan zo da tocila, ta dubi ƙirji, ta dubi agogo,
ta miƙa mata takarda mai fuskoki,
daga mai dariya zuwa mai kuka:
"Wacce ce ke yanzu?"
Da magariba mai kukan ta taɓa.
Ƙarfe biyun dare yatsar ta matso tsakiya.

Wajen asuba, hannun da ta dunƙule kwana uku
ya buɗe da kansa a kan zanen gado.
Ta ce fankar sama ta zama biyu, ta yi dariya,
sannan ta tambaya ko an ba akuyarta dusa.

Ban iya amsawa ba.
Na fita alwala,
na daɗe tsugune gaban famfo
ina kallon ruwa.