Ƙarƙashin Katifa

Wata uku suka buga mini a fasfo,
ga shi na ci damina tara a Samaru.
Hausata ta nuna, har ina cin gyaran yara,
amma in na hango kakin shige da fice a Kwangila
sai harshena ya gudu Umdurman.

Ɗanjuma, maigidana a gareji,
ya ce, "Mu'awiya, biya tarar ka huta."
Na lissafa ta a bayan rasit.
Ta fi kuɗin garejin.

Jiya Rumasa'u ta zaro fasfon daga ƙarƙashin katifa:
"Baba, wane ne wannan siririn?"
Na ce baƙo ne.
Ta daɗe tana kallonsa,
ta ce, "Yaushe zai tafi?"