Kofin Shayi a Hannun Ruvak

Hawa na tara, Fukuoka, ruwa na dukan taga.
Sha ɗayan dare ta gota, taliyarmu ta huce a roba,
mu huɗu muka rage a ofis,
hoton Ruvak na hararar mu daga bango.

Mu muka yi shi.
A wasan farko da sandar kamun kifi ya bar ƙauye,
kare ma kan kora shi.
A na biyu ya naushi dutse, dutse ya ba shi hanya.
A na uku ne hankalinmu ya gushe:
ya shaƙe macijin teku, ya hure rana ya sake kunna ta,
yara suka ƙare wasan da yatsa guda,
ɗaya hannun na cikin ledar biskit.

Yanzu kamfani na son na huɗu.
An ce gaba da gabanta,
to nasa gaban mu muka haƙa rami muka binne.

Chiharu ta ce a kashe shi tun minti na farko,
a yi jana'iza mai kyau, a sa goge ya yi kuka.
Tetsuro ya ce a'a, a goge masa tunani,
ya farka bakin teku ba takobi ba suna.
Na ce shekara bakwai mutane na tara masa ƙarfin nan
dare bayan dare, wasu har da rancen barci,
ƙwace shi a safiya ɗaya ai fashi ne.
Genta, ɗan autanmu, ya cire gilashi ya ce
a mai da shi mugu, sabon yaro ya zo ya kā da shi.
Kowa ya gyaɗa kai irin na gajiya.

Ni kuwa na tafi tashar ruwan Hakata a raina,
inda mahaifina ke saɓa akwatin kifi biyu a kafaɗa ɗaya
yana fito.
Ranar da aka haifi ƙanwata Sayo
ungozoma ta miƙa masa ita,
ya ja da baya, ya ɓoye hannuwa a bayansa.
Ya ce hannun nan bai san abu mai laushi ba.
Kwana goma sha biyu ya yi yana gwaji da tumatir
kafin ya yarda ya ɗauke ta.

Na ce kada a rage masa ko ƙwayar zarra.
A bar masa ƙarfinsa duka, a aika shi gida.
Ya murɗa ƙofa, ƙofa ta biyo hannunsa.
Ya yi atishawa, rufin maƙwabta ya tashi.
Uwarsa ta tsufa, idonta ya dushe,
tana son shayi, kofin kuma na kakarta ne.
Daga murhu zuwa shimfiɗarta taku tara.
Wannan ne dodon wasan.
Madannin da aka saba dannawa da ƙarfi
yanzu sai a shafa shi kamar fatar ido.

Tetsuro ya daɗe yana kallon ruwan sama.
Ya ce, wa zai sayi wannan, Noboru?
Na ce ban sani ba.

Chiharu ta haɗa gwajin cikin kwana shida.
Ranar Asabar na kawo 'yata Mio, mai shekara tara,
wadda ta hure ranar nan tana hamma.
Ta fasa kofin sau goma sha ɗaya.
A na sha biyu ta daina numfashi, harshe a waje,
taku bakwai, takwas,
shayin na rawa a bakin kofi.

Tsohuwar ta kurɓa, ta ce ya yi sanyi.
Mio ta ce, Baba matsa, zan sake.