Ƙasan Motar Kaka Eusebio

A Matanzas iskar teku ba ta sallama.
Cikin dare take zuwa da gishirinta,
ta lashi ƙofa, ta lashi taga,
ta kwanta ƙarƙashin motar kakana
shekara saba'in tana ci, ba gaggawa.

Buick ce koriya, daga nesa sai ka ce jiya aka ƙera.
Ranar Talata, a kan gada,
na taka birki, na kai ido ƙasa,
sai ga kwalta na gudu tsakanin ƙafafuna.

Na kwance kujeru, na ɗaga shimfiɗar roba.
Tsatsa ta zubo kamar garin gahawa,
tana warin ruwan da ya kwana.
Na sa yatsa, ya wuce.
Na sa hannu, ya wuce har gwiwa.
Sandunan da ke tallafe da daɓen,
waɗanda Eusebio ke kira haƙarƙari,
biyu sun zama ɓawon burodi,
na ukun kunya ce kawai ta hana shi faɗuwa.

A gefen direba na tarar da aikinsa:
murfin gwangwanin biskit, ƙusa tara,
an shafe da kwalta, an ja baki an yi shiru.
Kai, Kaka!
Ashe haka ka ɗauko ni daga asibiti ina jaririya,
murfin gwangwani ne tsakaninmu da titi,
kana fito, gwiwar hannu a taga.
Na yi dariya har na zauna a ƙasa.
Can kuma na ji dariyar ta ƙare.

Garin nan ba mai sayar da ƙasan Buick.
Migdalia maƙwabciyata na da mataccen firiji,
ɗan Rasha, mai kaurin fata.
Kaji biyu na ba ta, har da ciniki,
ta bar mini ƙofarsa da bayansa.
Sanduna kuwa, wani gadon ƙarfe
da aka yar a bayan makaranta.

Kwali tukuna.
Kuskuren kwali almakashi ke gyara shi,
kuskuren ƙarfe sai cizon yatsa.
Na tokare bakin ƙofofi da bututu
kada jikin ya karkace in na zare masa ƙashi.
Na yi ta yankan ruɓa
har zarto ya canza murya,
ya kai inda ƙarfe ke da sauran rai.

Walda ba a yi mata haɗama.
Ɗigo a nan, tsallaka can, dawo,
in zafi ya taru wuri ɗaya farantin zai murɗe.
Tartsatsi ya faɗa mini cikin takalmi,
na yi rawar da ba kiɗa.
Da azahar suka ɗauke wuta.
Kwana huɗu a jere suna ɗaukewa,
ni da ɗana Osmel muna gindin mangwaro,
yana tambaya ko motar ta san ana yi mata aiki.

Kwana goma sha tara.
Na shafa jan fenti, na sake, na cusa man shafawa a kowane lungu,
na shiga da ƙafa biyu na doka diddige.
Dum! Ba kwaram ba.
Migdalia ta leƙo ta katanga ta ce,
firijina bai taɓa aiki irin na yau ba.

Tambarin firijin ban kankare shi ba,
yana nan ƙarƙashin roba, rubutun Rasha yana kallon sama.
Iskar nan ba ta tuba ba, na sani.
Wani zai ɗaga robar wata rana.

Murfin biskit yana aljihun gaban mota
tare da takardu da tsohon tabaraun Kaka.
Jiya na bi ta kan gadar da fasinja huɗu,
ba titi a ƙasa, ba ƙura, ba feshin ruwa.
Abu ɗaya ne ban zata ba:
idon sawuna na neman iskar da ya saba.