Kwalabe Uku a Lambatun Birnin Kebbi

Ni duba-gari ne, wari ne abincina,
hancina kan riga takardata isa ofis.
Kafin ladan ya yi gyaran murya
ina bakin lambatu da kwalabe uku,
ina bin sawun abin da ba ya da ƙafa, sai gangarawa.

Don ruwan sama aka gina lambatun nan,
sai ɗan wanke-wanke, sai kumfar tsummokara,
sai alwalar masallacin 'yan tifa.
Faɗinsa bai wuce kamu biyu ba.
An aza wa jaki kayan raƙumi,
shi ko ba ya da bakin musawa.

Kwalba ta fari, bayan injin shinkafa.
Ƙarfe biyun dare suke buɗe bututu,
ruwan gumi ya fito da zafinsa, jajir kamar jiƙon kanwa.
Siminti ya dare, rodi ya yi tsatsa,
tururi na tashi ƙarƙashin katakon
da 'yan firamare ke takawa.

Ta biyu, majema:
toka, bagaruwa, gashin awaki,
da wani sinadari da ke zuwa a jarka ba suna.
Ta uku, garejin Kakale,
baƙin mai ya kwanta bisa ruwa ya yi bakan gizo,
kyau a ido, mutuwa ga tarwaɗa in tana wucewa.

Can gangare, inda lambatu ke amai cikin fadamar Dukku,
tsoho Arzika na ban ruwan albasa.
Ya ce: “Nomau, bar wahalar kwalba,
ni ma'aunina kwaɗi.
Bara war haka sai ka ɗaga murya ka ji kanka.
Bana tsit.
Dubi ƙafata.” Na duba.
Kaushi ya tashi daga kaushi, ya koma saɓewa.

Na je wa manaja da takarda.
Ya ba ni kujera, ya ba ni ruwan gora mai sanyi,
ruwan da babu wanda ya wanke komai a cikinsa.
Ya ce: “Mutum ɗari biyu ke cin tuwo a nan,
har da Dikko, ɗan yayarka.
Tafkin tacewa ribar wata shida ne.
Ko rufe mu kuke nufin yi?”

Na ce doka ba ta ce a rufe ba.
Ta ce: huce shi,
bar shi ya kwanta, tace shi, auna shi,
rubuta rana, rubuta adadi,
sannan ka sako mana shi cikin na jama'a.
Wanda ya ɓata ruwa, wankin ruwan nasa ne.
Katangarka ta tsaya a bakin titi, Alhaji,
ruwanka bai san iyaka ba, sai ƙetarawa.

Da na fito, buhu na jingine da babur ɗina,
fara tas, ba tsakuwa.
Na daɗe ina neman makullin da ke hannuna.
Daren nan gari muka jiƙa a gida,
Ige ba ta ce komai ba,
shirun ya fi faɗa ciwo wurin haɗiyewa.

Yanzu kwalaben na kan teburina, sun kwanta:
laka a ƙasa, mai a sama,
a tsakiya ɗan siririn abu mai kama da ruwa.
Fayil na hawa bene, yana hutawa a kowane mataki.
Wa'adin kwana ashirin da ɗaya, saura huɗu,
ga hadari ya fara haɗuwa a gabas,
ruwan fari kuwa ba ya tambaya, sai kwashewa.

Jiya na hango katafila bayan injin.
Tafki ne ko sabon sito, maigadi bai sani ba.
Anjima zan gangara wurin Arzika ba kwalba,
mu zauna bakin fadama, mu kashe tocila,
mu kasa kunne.